Tukunyar da Aka Kwantar

Da sassafe Nas ta zagaya bayan sito ta tarar tukunyar iskar numfashi ɗaya, irin ta marasa lafiya, ta yi ƙafa. Jiya da yamma da hannunta ta jera su a gindin katanga, yau kuwa akwai gurbi a tsakiya kamar an cire haƙori. Ta duba ƙarƙashin tamfol, ta leƙa ɗakin wanki, har bayan gida sai da ta buɗe, alhali ta san tukunyar ƙarfe ba ta zuwa bayan gida. Da ta ga abin ya fi ƙarfinta sai ta ɗora hannu a ka ta nufi ofishin Likita.

Asibitin nan a da makaranta ce. Da yaƙi ya cinye babban asibitin gari, sai aka kwashe bencina aka jera gadaje, har yanzu akwai ragowar darasin lissafi a allon ɗakin masu karaya. Duk abin da ke ciki, daga auduga zuwa ledar jini, wasu masu hali ne na nesa suka haɗa gidauniya suke aikowa. Ba wanda ya taɓa ganin fuskarsu sai ta Wakiliyarsu, wata doguwar mata mai ƙarancin magana da ke biyo motar kaya. Sharaɗinsu biyu ne. Duk wanda ya ajiye bindiga a bakin ƙofa a yi masa magani, ko na wane ɓangare ne. Amma ko allura ɗaya ta faɗa hannun masu faɗa, za a naɗe tabarma a koma wani gari. Tukunyar iska kuwa ta fi allura muni, don a garin da ke gaba an taɓa cika irinta da abin fashewa aka ajiye a kasuwa, kuma tun daga ranar asibitinsu yake a rufe.

Wakiliya tana hanya, ana sa ran isowarta bayan azahar. Kafin hantsi labari ya gama gari, 'yan jinya da 'yan kallo sun cika harabar, kowa da ɓarawonsa a baki.

Likita ya ce a kira Mai Sawu.

A da ba haka ake kiransa ba. Baban Auta ake ce masa, har lokacin da ɗan nasa ya bi masu bindiga zuwa daji. Ranar ya tsaya a gaban mutane ya rantse cewa in yaron ya sake taka garin nan, shi da kansa zai bi sawunsa ya miƙa shi ga soja, kuma kada wanda ya ƙara haɗa sunansu. Mutane suka kiyaye. Matarsa ma ta kiyaye, ta koma ce masa Malam, ba ta sake ambaton yaron a gabansa ba. Sana'arsa kafin yaƙi bin sawun shanun sata da yaran da suka ɓace. Yanzu shanun sun ƙare, waɗanda ke ɓacewa kuma ba mai son a gano inda suka yi.

Ɗan saƙo ya same shi yana mita shi kaɗai. Ya tashi bai ga matar ba, tsakar gida ba shara, ganyen bishiya har bakin ɗaki, abin da bai taɓa gani ba tun aurensu. Ya ce a ransa ta sake tafiya jinyar maƙwabciyarsu a asibitin, don kwanakin nan ba ta zama, in ba jinya ba itace. Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Da ya ga bayan siton sai ya yi tsaki. Ƙafar rabin gari ta bi ta wurin.

"Kun kira ni in karanta, kun riga kun goge allon," in ji shi.

Likita ya ja shi gefe. Mutum ne da barci ya daɗe da manta shi, rigarsa duk tabon jini.

"Baba, ba ɓarawon ne ya dame ni ba. Akwai jarirai a ɗakin can da iskar nan ce ke riƙe da su. In Wakiliya ta iso ba tukunya, motar za ta juya da kayanta. Ka nemo mini ita."

Ya fara da Maigadi, wani tsoho mai ido ɗaya da ya rantse bai runtsa ba.

"Ko da asuba?"

"Da asuba dai na je alwala."

"Alwalar ta kai ka har ina?"

Maigadi ya sosa ƙeya. Ashe ta kai shi har wurin mai shayi, ya kuma ɗan zauna jin labarai a rediyo. Ƙofar gaba dai a kulle take, mukulli a aljihunsa, ya zaro ya nuna.

Direban motar marasa lafiya shi aka fi zargi, don yana ƙetara shingayen ɓangarorin biyu, kowa kuma na gaisawa da shi. Mai Sawu bai tambaye shi komai ba. Ya durƙusa ya dubi ƙasan motar: raɓa ta jiƙa ko'ina ban da inda ta tsaya, ga gizo-gizo ya yi saƙa daga taya zuwa dutse.

"Motar nan ba ta motsa ba tun jiya."

"Ai mai ma babu, Baba," in ji Direba. "Da ina da wayon sata, mai zan sata."

Suna cikin haka aka ji hayaniya daga titi. Wasu matasa sun jawo Mai Walda da wuyan riga, leɓensa ya fashe, wai an ga tukunya a rumfarsa. Wani na cewa a kai shi wurin soja, kowa kuwa ya san wanda aka kai can da irin wannan zargi ba ya dawowa da ƙafarsa. Mai Sawu ya daka musu tsawa, ya sa suka koma rumfar tare. Tukunya kam akwai ta, a tsaye a lungu. Ya sa aka ɗan karkata ta. A ƙarƙashinta tsatsa ta zana zobe a siminti, tururuwa har sun yi gida.

"Wannan ta girme wasunku a rumfar nan. Ku sake shi."

Ba su sake shi ba, sun dai daina dukansa. Suka zaunar da shi a barandar asibiti suna gadi, suka ce in la'asar ta yi ba wani ɓarawon, shi ne.

Mai Sawu ya koma wurin Nas, ya same ta tana wanke almakashi tana share hawaye da kafaɗa.

"'Yata, wanda ya ɗauka, me ya sa bai shiga sito ba?"

"Sito a kulle yake, Baba. Masu iska suna ciki a tsaye. In tukunya ta ƙare sai mu fitar da ita mu kwantar a bayan ɗaki, mota ta zo ta tafi da ita a cika. Tsaye da iska, kwance babu, haka muke ganewa ko a cikin gaggawa. Shi ya sa hankalina ya tashi. Wa zai saci tukunyar da ba komai a cikinta in ba masu haɗa abin fashewa ba?"

"Wacce aka ɗauka daga cikinsu?"

"Ƙaramar, wadda agogonta na awon iska ke jiki. Ya ƙi kwancewa ne muka bar shi. Har robar hanci ɗaya da na jefar a kwandon shara ban ganta ba."

Ya tsaya yana kallonta. Mai haɗa bam ba ya buƙatar robar hanci. Wanda ya ɗauki tukunyar nan numfashi yake nema wa wani, kuma bai san ka'idar gidan ba.

Ya bi katangar baya a hankali har inda harsashin igwa ya taɓa fasa ta aka toshe da langa-langa. An ɗage langa-langar an mayar. Ya sunkuya ya fita. A wajen akwai fili mai yashi da ba wanda ya taka, kuma babu sawu ko ɗaya. An share shi tas.

Da farko murmushi ya yi, don ɓarayin shanu ma suna jan reshe a bayansu, ya sha ba da labarinsu a gida. Amma wannan ba reshe ba ne, tsintsiya ce. Mai sharar da baya da baya ya tafi, yana goge sawunsa. Ya durƙusa ya dubi zanen. Kowane layi daga hagu ya taso ya lanƙwasa zuwa dama, sharar bahago ke nan. Bayan 'yan layuka sai ga wani ɗan rami zagayayye, inda aka buga gindin tsintsiya a ƙasa don tsinkayen su daidaita. Yawancin mutane a tafin hannu suke bugawa. Mace ɗaya ya sani da ke bugawa a ƙasa, tun da amosanin gaɓɓai ya kama mata hannun dama.

Shekara da shekaru yana fitowa da buta ya taka wannan zanen a tsakar gidansa. Yau ne kaɗai bai gan shi a can ba.

Ya zauna a yashin. Ya so ƙwarai a ce idonsa ne ya tsufa. Ya sake dubawa, ya kuma dubawa, zanen bai canja ba. Akwai mutum ɗaya tak a duniya da matar nan za ta yi wa sata, kuma ta ɓoye wa mijinta.

Bai kira kowa ba. Inda yashi ya ƙare aka shiga tsakuwa ta daina shara, tana ganin dutse ba ya riƙe sawu. Amma ƙarfe ya goge fentinsa a kan duwatsu, ga zaren buhu a jikin ƙaya, alamar ta naɗe tukunyar tana ja. Ya ga inda ta tsaya ta huta, ya ga inda ta faɗi a gwiwa, ya ga inda tukunyar ta kuɓuce ta gangara cikin kwazazzabo ta sauka ta sake jawo ta. Tsohuwar da ko tulun ruwa ke gagararta. Sawun ya kai shi tsohon wurin gasa bulo da aka watsar tun farkon yaƙi.

Matarsa tana zaune a ƙasa a inuwar rumfar da ta rage, kan yaron a cinyarta. Tsintsiyar na jingine a bango. Ya rame, gemu ya fito masa, ƙirjinsa ɗaure da zanenta da jini ya rine. Robar na manne a hancinsa, hannunta ɗaya na kan tukunyar kamar mai lallashin jariri. Ta ɗago ta gan shi, ba ta firgita ba.

"Na san za ka zo, Malam. Ka makara, ba sauran wanda za ka kai wa soja."

Ya durƙusa ya taɓa wuyan yaron. Da sauran ɗumi kaɗan.

"Tun yaushe yake nan?"

"Kwanaki. Wajen itace na same shi. Na ce in kai shi asibiti, ya ce a'a, Baba zai ji." Ta gyara masa robar duk da ba amfani. "Jiya numfashi ya fara gagararsa. Na ga yadda ake sa wa maƙwabciyarmu abin nan ta farfaɗo. Ta kwance na ɗauka, don na tsaye ba zan iya da su ba ko da a buɗe suke. Kuma ya yi masa amfani, wallahi. Ina sa masa ya buɗe ido ya ce, Inna, na ji daɗi. Ya yi ta sha har allurar agogon ta kwanta."

Mai Sawu ya dubi agogon. Allurar na kwance a ƙasa, inda take tun kafin a fitar da tukunyar daga ɗaki. Ya dubi matarsa. A rayuwarsa bai taɓa karanta alama ya ɓoye abin da ta ce ba, yau ya ɓoye. Ya cire robar a hankali, ya shafa idon ɗansa, ya cire babbar rigarsa ya lulluɓe shi. Sai a lokacin kukan ya zo masa, irin na tsofaffi, marar sauti, kafaɗu kawai ke rawa.

Rana ta karkata. Ya tuna Mai Walda a baranda, ya tuna jariran.

"Zan mayar da ita. Ki zauna da shi."

"Ni na ɗauko," ta ce. "Tare za mu."

Sun iso ana gab da la'asar, shi yana jan buhun, ita tana turawa. Motar kaya na tsaye a harabar ba a sauke komai ba. Likita ya tara mutane a ajin da ake ajiye magani: Maigadi, Direba, Mai Walda da kumburarren leɓe, Nas, matasan nan a bakin taga, Wakiliya kuma a kan kujerar malami ta harɗe hannu. Ƙarar ƙarfe a siminti ta sa kowa ya juyo.

"Ga tukunyarku," in ji Mai Sawu. "Ba a huda ta ba, ba a sa mata komai ba, a duba. Maigadi shayi ya sha, laifinsa ke nan. Direba bai motsa ba. Mai Walda kuwa ku nemi gafararsa, kun dake shi a banza."

"To wa ya ɗauka?" wani ya tambaya daga taga.

"Daga gidana aka ɗauka."

Matarsa ta matso gaba, zanenta duk ƙasa, gwiwarta na jini. Ba ta dubi kowa ba sai Nas.

"Ni ce, 'yata. Ɗana na kai wa, harbi ne a ƙirji. Ya rasu ɗazu." Ta nuna tukunyar. "Abin da ke damuna, ya shanye muku iskar duka, ban rage ko kaɗan ba. Na san akwai 'ya'yan wasu da ke jira. Ki yafe mini."

Nas ta dubi tukunyar, ta dubi tsohuwar, bakinta ya fara motsi. Mai Sawu ya kafe ta da ido, ya girgiza kai kaɗan, roƙo ne ƙarara. Duk ma'aikatan da ke ɗakin sun san me ake nufi da tukunyar da aka kwantar. Direba ya sunkuyar da kai. Maigadi ya juya fuska bango.

"An yafe, Inna," in ji Nas. "Don a sha aka kawo ta."

Wakiliya ta tashi ta zagaya tukunyar, ta duba bakinta da gindinta.

"Da bindiga a wurinsa?"

"Babu," in ji Mai Sawu. "Na duba."

"To marar lafiya aka kai wa. A sauke kaya." Ta juya ga Likita. "A gyara katangar nan, a daina barin komai a waje."

Likita bai yi murna ba. Ya dubi tsohuwar kamar zai yi kuka.

"Inna, me ya hana ki kawo shi? Ba ma tambayar mai rauni na wane ne. Ko jiya aka kawo shi da mun gwada."

Ba ta dubi mijinta ba. Ba sai ta duba ba, rabin waɗanda ke wurin suna nan ranar da ya yi rantsuwar.

Wakiliya, da yake baƙuwa ce, ta tambaye shi, "Kai mene ne haɗinka da mamacin?"

"Ni ne Baban Auta," ya ce. Ya juya ga jama'a. "Ina neman wanda zai taya ni binne ɗana."

Mutane suka dubi juna, don akwai waɗanda masu bindiga suka kashe wa 'yan uwa a cikinsu. Mai Walda ne ya fara miƙewa, ya ce yana da shebur a rumfa. Direba ya bi shi, sai Maigadi, sai wasu daga matasan, kai a ƙasa.

Wannan karon ba ta kwazazzabo suka bi ba, sun bi 'yar hanyar ƙafa da ke hawa tudu. Baban Auta na gaba. A kan tudun ya tsaya cak, ya ɗaga sanda.

Sawu ne na kwanaki, iska ta fara cin gefensa, amma ya san shi. Ƙafar dama mai ɗan karkata waje, irin tasa. A kan yashin ƙofar gida ya fara ganinta, ranar da yaron ya fara tafiya. Sawun ya fito daga daji, gajere gajere, da ɗigon jini da ya bushe. Ya hau tudun ya nufi gari sosai. A nan ya tsaya, dugadugan sun nutse, alamar an daɗe a tsaye. Daga wurin ana hango tutar asibiti, ana kuma hango bishiyar tsakar gidansu. Akwai taku ɗaya da ya ƙara gaba, wajen gidan. Daga nan sawun ya juya ya gangara wurin gasa bulo.

"Lafiya, Baba?" in ji Direba.

"Ku zagaya ta gefe," ya ce. "Kada ku taka."

Suka zagaya ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya tambayi dalili. Matarsa ce ta ƙarshe. Ta tsaya kusa da shi ta dubi ƙasa, ita ba ta iya karatun sawu ba.

"Me ka gani, Baban Auta?"

"Gida ya nufa," ya ce.